Fim ɗin Civil War: Wa Ke Bayan Wa, Kuma Don Me?

Yau ba maganar sabuwar waya ko manhaja na kawo muku ba, maganar wani fim ce da na san yana cikin memorin da yawa daga cikinku, wato Captain America: Civil War na kamfanin Marvel.

Abin da ya jawo rubutun nan shi ne wani musu da ya ɓarke a wurin cajin waya a garinmu Yalwan Damai, ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu. Wani ƙanena ya gama kallon fim ɗin a wayarsa, sai ya tambaye mu: "Yaya, wai a fim ɗin nan waye bos?" Nan take majalisa ta rabu biyu. Wasu suka ce Iron Man ne, wasu suka ce Kyaftin Amurka ne ya yi taurin kai. Da na tambayi kowa dalilin da ya sa Spider-Man ya bi Iron Man, ko abin da ya kai Ant-Man bayan Kyaftin, sai wuri ya yi tsit. Daga nan na koma na sake kallon fim ɗin a tsanake, ina tsayarwa ina rubutu, don in gano ko laifin masu kallo ne ko kuwa fim ɗin ne bai yi bayani ba.

Gargaɗi: wanda bai kalla ba ya sani, zan faɗi ƙarshen labarin.

Fim ɗin a taƙaice

Ya fito a shekarar 2016, shi ne na 13 a jerin finafinan Marvel masu haɗe da juna. Wa da ƙane, Anthony Russo da Joe Russo, su suka ba da umarni, Christopher Markus da Stephen McFeely suka rubuta labarin. Tsawonsa minti 147 ne, kuma ya kawo kuɗi sama da dala biliyan ɗaya a gidajen kallo. An ɗauko tushensa daga wani littafin zane mai suna Civil War da Mark Millar ya rubuta tsakanin 2006 da 2007, sai dai an sauya abubuwa da yawa.

Abin da zai ba ɗan Najeriya sha'awa shi ne a Legas rigimar ta samo asali, ko da yake a birnin Atlanta na Amurka aka ɗauki wurin. Kyaftin da mutanensa sun bi sawun wani ɗan ta'adda mai suna Rumlow da ya saci makami mai ɗauke da ƙwayar cuta. Da ya ga an ritsa shi sai ya tayar da bam a jikinsa. Wanda Maximoff ta yi amfani da ƙarfinta ta ɗaga wutar sama don ta ceci mutanen kasuwa, amma wutar ta faɗa wani bene ta kashe mutane, ciki har da 'yan ƙasar Wakanda 11 masu aikin agaji.

Wannan ne ya sa ƙasashe 117 suka amince da wata takarda mai suna Yarjejeniyar Sokovia. Abin da ta ƙunsa shi ne: daga yanzu ƙungiyar Avengers ba za ta je ko'ina ba sai da izinin wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ya ƙi sa hannu ya yi ritaya. Tony Stark, wato Iron Man, ya yarda. Steve Rogers, wato Kyaftin, ya ƙi.

Ma'aunin da na yi amfani da shi

A wajen rubuta manhaja, idan ina so in san ko wani layi yana da amfani, sai in kashe shi in sake kunna manhajar. In ta tsaya, layin yana aiki. In ta ci gaba lafiya lau, to dama cike gurbi yake yi. Haka na yi wa kowane jarumi a nan, da tambayoyi uku:

1. Fim ɗin ya nuna mana abin da mutumin yake so ko yake tsoro?
2. Akwai abin da zai yi asara idan ɓangarensa ya faɗi?
3. Idan aka ɗauke shi aka mayar da shi ɗaya ɓangaren, labarin zai lalace?

Wanda ya ci ukun, dalilinsa ya zauna. Wanda ya faɗi ta ukun kuwa, ɗan rakiya ne.

Shugabannin biyu

Nan ne fim ɗin ya fi ƙoƙari. Tony ne ya ƙera Ultron, na'urar da ta tarwatsa ƙasar Sokovia a fim ɗin 2015. Tun farkon wannan fim ɗin wata mata ta tare shi bayan ya gama jawabi a jami'ar MIT, ta miƙa masa hoton ɗanta, Charles Spencer, wanda ya je aikin sa kai Sokovia gini ya rufta masa. Saboda haka lokacin da Tony yake cewa a sa hannu, nauyin rai ne yake cinsa. Mutum ne da ya gwada yarda da kansa, abin ya ƙare da gawarwaki, yanzu yana neman wanda zai riƙa taka masa birki.

Shi kuma Steve darasinsa akasin haka ne. A fim ɗin The Winter Soldier na 2014 ya gano cewa hukumar da yake wa aiki, SHIELD, miyagun ƙungiyar Hydra sun daɗe da cinye ta daga ciki, har suna shirin kashe miliyoyin mutane da sunan tsaro. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tambayarsa ita ce: idan kwamitin ya tura mu inda bai dace ba fa? Idan kuma ya hana mu zuwa inda ake kashe mutane fa?

Abin burgewar shi ne kowannensu ya bar halin da aka san shi da shi. Tony da ya taɓa yi wa majalisar dattawan Amurka izgili a kan sulkensa, shi ne yau yake kare hukuma. Steve da ya fara a matsayin soja mai bin umarni, shi ne ya bijire. Duka biyun sun ci tambayoyina uku. Matsala guda ce: rabin dalilin kowannensu yana cikin wani fim daban. A harkar manhaja muna cewa wannan shirin ya dogara da wancan, ba zai tashi ba sai ka sauke na farkon. Wanda aka tura wa wannan fim ɗin shi kaɗai zai ga Steve a matsayin mai taurin kai kawai.

Ɓangaren Iron Man

Rhodey, wato War Machine, kanar ne a sojan saman Amurka. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ƙarƙashin umarni ba zai ga aibun takardar da ƙasashe 117 suka amince da ita ba. Kuma shi ne ya fi kowa biyan farashi, domin a faɗan filin jirgi ya faɗo daga sama ƙafafunsa suka shanye, amma har ƙarshe bai sauya ra'ayi ba. Dalilinsa ya zauna daram.

Vision ya kawo hujja irin ta kwamfuta: tun da Tony ya bayyana kansa, masu ƙarfi sun ƙaru, bala'o'i ma sun ƙaru, don haka ƙarfin nasu ne yake jawo masu ƙalubale. Ko ba ka yarda da shi ba, ka ji dalilinsa da kunnenka.

Natasha, wato Black Widow, ta sa hannu ne don kada ƙungiyar ta watse, kuma tana ganin gara a zauna a ciki a riƙa juya akalar abin. Shi ya sa da ta bar Steve ya tsere a filin jirgi ban yi mamaki ba. Tun farko mutanen take karewa, takardar hanya ce kawai.

T'Challa, wato Black Panther, shi ne mafi tsabtar dalili. An tayar da bam a taron sa hannu a Vienna, mahaifinsa Sarki T'Chaka ya mutu, aka ce Bucky Barnes ne ya dasa. Neman jinin ubansa yake yi. Ya tsaya kusa da Tony ne kawai saboda Bucky yana wajen Steve. Wannan shi ne irin ƙawancen da ake yi don maƙiyi ɗaya, kuma fim ɗin bai ɓoye hakan ba.

Sai Spider-Man. Nan ne lissafi ya ƙi fita. Sakataren harkokin waje Ross ya ba Tony awa 36 ya kamo Steve, sai Tony ya wuce unguwar Queens ya ɗauko ɗan sakandare ya kai shi Jamus, ba tare da gwaggonsa ta san gaskiyar abin ba. Ba mu ga an karanta wa yaron yarjejeniyar ba. Kai, abin da Peter ya faɗa da bakinsa a ɗakinsa, cewa mai iko in ya zauna ya bar ɓarna ta faru to da laifinsa, ya fi kusa da ra'ayin Steve. Kuma mutumin da ke kukan an kashe ɗan wata mata, shi ne ya jefa ɗan wasu cikin faɗa. Dalilin gaskiya yana wajen fim ɗin: a Fabrairun 2015 kamfanin Sony, mai haƙƙin Spider-Man, ya sasanta da Marvel, aka samu damar saka shi. Ya ba da dariya sosai, amma ka mayar da shi bayan Kyaftin babu abin da zai lalace.

Ɓangaren Kyaftin

Bucky ba shi da zaɓi, an ba da umarnin harbe shi duk inda aka gan shi. Sam Wilson, wato Falcon, ya yi musu da Rhodey a kan yarjejeniyar, ya nuna tsoron kada a wayi gari ana bin sawunsu kamar masu laifi, sannan amini ne ga Steve tun 2014. Waɗannan biyun babu tambaya a kansu.

Wanda ita ce wadda abin ya fi shafa kai tsaye. Tony ya sa Vision ya tsare ta a gida ba tare da an gaya mata ba. Ku lura da wani wuri da mutane ke wucewa: a Berlin Steve ya ɗauki alƙalami ya kusa sa hannu, jin an kulle Wanda ne ya sa ya ajiye. Wannan ɗan wurin shi ne ya haɗa ra'ayi da aiki, domin abin da yake tsoro ya fara faruwa a gabansa.

Clint Barton, wato Hawkeye, ya riga ya yi ritaya yana tare da matarsa da 'ya'yansa. Me ya fito da shi? Fim ɗin ya ba da amsa a jimla ɗaya, cewa akwai bashi a kansa. Bashin kuwa shi ne ɗan'uwan Wanda, Pietro, ya mutu wajen kare shi daga harsashi a Sokovia. Wanda bai kalli fim ɗin 2015 ba, ba zai gane komai ba. Dalili mai kyau ne, amma an yi masa rowar lokaci.

Scott Lang, wato Ant-Man, shi ne Spider-Man ɗin wannan ɓangaren. An kawo shi a bayan mota yana barci, ya farka yana rawar jiki ya ga Kyaftin. Mutumin da ya sha wahalar fita daga kurkuku don ya riƙa ganin 'yarsa, ya yarda ya karya doka a ƙasar waje cikin minti ɗaya. Sam ya san shi daga fim ɗin Ant-Man, shi ke nan.

Idan muka tattara, cikin mutum 12 da suka yi layi a filin jirgin Leipzig, shida da shida, tara suna da dalilin da fim ɗin ya nuna, ɗaya yana da rabin dalili, biyu kuma an kawo su ne don a cike sahu.

Inda labarin ya sauya hanya

Ga abin da na fi so ku lura da shi. Faɗan filin jirgin nan da ake ta yankowa ana ɗorawa a TikTok, ba a kan yarjejeniyar aka yi shi ba. Steve yana so ya isa Siberiya ne, domin Bucky ya gaya masa akwai wasu sojoji biyar irinsa a daskare, kuma wani yana hanyar tashinsu. Tony kuma an ba shi wa'adi ya kamo su. Steve ya fara bayani, Tony bai saurara ba. Wato muhawarar da aka buɗe da ita, ta wa zai sa ido a kan masu ƙarfi, an ajiye ta tun tsakiyar fim, aka koma rigimar Bucky. Har aka rufe ba a ce ga mai gaskiya ba, kuma ba a taɓa nuna mana kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniyar yana yanke hukunci ko sau ɗaya ba, balle mu auna da kanmu. Su ma mutanen Legas da aka yi ɓarnar a garinsu, babu ɗan Najeriya ɗaya da aka ba bakin magana a kan takardar da aka rubuta saboda abin da ya same su. A wurina wannan shi ne babban giɓin fim ɗin.

Sai dai in an yi adalci, haka basasa take ko a tarihi. Ku tuna ta Kano daga 1893 zuwa 1895. Sarki Muhammadu Bello ya rasu, Sakkwato ta naɗa ɗansa Tukur, sai Yusufu ɗan Sarki Abdullahi Maje Karofi da 'yan'uwansa suka fice suka yi sansani a Takai, nan kusa da mu. Yusufu ya rasu kafin a shiga birni, Aliyu Babba ya karɓi jagoranci ya ci Kano a 1894. Shugabannin suna rigimar gadon sarauta, amma a kowane irin wannan yaƙi za ka samu wanda ya bi saboda jini, wanda ya bi saboda tsohuwar gaba, da wanda ya bi maigidansa kawai. Fim ɗin ya kama wannan gaskiyar a kan T'Challa da Clint. Inda ya gaza shi ne wajen waɗanda ko irin wannan dalilin bai ba su ba.

To waye bos?

Amsar tambayar ƙanena ita ce Helmut Zemo, tsohon sojan Sokovia wanda matarsa da ɗansa da mahaifinsa suka mutu a faɗan Avengers da Ultron. Ba shi da wani ƙarfi na musamman. Ya san ba zai iya da su ba, sai ya nemi ya sa su cinye kansu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Makamansa guda biyu ne, kuma duka bidiyo ne. Na farko na bogi: ya sa fuskar roba ya yi shigar Bucky, kyamarar tsaro ta ɗauke shi a Vienna, kafafen labarai suka watsa, duniya ta hau farautar mutumin da yake can Bucharest yana sayen kayan marmari. Babu wanda ya tsaya ya bincika. Na biyun kuwa na gaskiya ne: faifan ranar 16 ga Disamba, 1991, mai nuna Bucky, lokacin da Hydra ke juya ƙwaƙwalwarsa, yana kashe iyayen Tony. Zemo ya harbe sojojin nan biyar tun kafin su iso, dama tarko ne. Ya jira har mutanen uku suka tsaya wuri ɗaya sannan ya kunna. Da Tony ya tambayi Steve ko ya sani, sai ta tabbata ya san kashe su aka yi, ya ɓoye masa.

Mu masu riƙe da waya ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Muna cewa gani ya kori ji, amma yau manhajar da za ta ɗora fuskar wani a jikin wani tana cikin wayar hannu. Kuma ko bidiyon gaskiya ne, akwai tambayar da ta rage: wa ya sako shi, me ya sa sai yanzu, wa yake so in yi fushi da shi? A fim ɗin mutum ɗaya ne ya yi wannan tunanin, T'Challa. Da ya gane an yaudare shi, ya ajiye faratansa, ya hana Zemo kashe kansa, ya miƙa shi ga hukuma, daga baya ma ya ba Bucky mafaka a Wakanda.

Dalilin Zemo a fili yake, amma shirinsa ya dogara da sa'a da yawa. Gaskiya ne shi ya shirya a gano gawar likitan da ya yi shigarsa don Tony ya san gaskiya. Amma ba shi da tabbacin Sam zai faɗa wa Tony inda Steve ya nufa daga cikin kurkuku, ko Tony zai zo da kansa maimakon rundunar soja. In da manhaja ce, da mun ce tana aiki ne kawai idan mai amfani ya danna komai a jere yadda aka zata.

Yadda za ka kalla ka fahimta a waya

Wani ɓangare na ruɗanin daga kwafin da muke samu ne. Ga shawarwari huɗu:

1. Duba tsawon fayil ɗin kafin ka bar wajen mai turi. Cikakken fim ɗin awa 2 da minti 27 ne. In ka ga ya gaza haka da yawa, an datse shi, kuma yawanci wuraren hira ake cirewa, alhali nan dalilan suke.
2. Fara da The Winter Soldier na 2014, sannan Age of Ultron na 2015. Su ne suke ɗauke da rabin dalilan Steve, Tony, Wanda da Clint.
3. In kana kallon mai fassarar Hausa, ka sani wasu masu fassarar sukan cike wurin muhawara da barkwanci. Kwafin da na fara gani haka yake, an mayar da zaman tattauna yarjejeniyar wasan dariya. Ka nemi na asali ka kwatanta.
4. In Turancin yana yi maka sauri, ka sauke fayil ɗin rubutun ƙasan allo mai ƙarewa da srt. Ka ba shi suna iri ɗaya da na bidiyon, ka ajiye su a folda ɗaya, VLC ko MX Player za su ɗauko shi da kansu. Fayil ɗin ƙarami ne ƙwarai, ba zai ci maka data ba.

Hukuncina

A kan shugabannin biyu da T'Challa da Zemo, fim ɗin ya yi bayani mai gamsarwa, musamman ga wanda ya kalli na baya. A kan Rhodey, Vision, Natasha, Sam, Wanda da Bucky ya wadatar. A kan Clint ya taƙaita, a kan Spider-Man da Ant-Man kuma ya gaza. Ita ma yarjejeniyar an buɗe ta da kyau aka bar ta a hanya. Zan ba shi bakwai cikin goma a wannan fannin. Ƙanena dai har yanzu yana nan a kan cewa Iron Man ne bos, saboda ya kai yaro fagen yaƙi, kuma ban samu amsar da zan ba shi a kan wannan ba.

Sai mun haɗu a rubutu na gaba, inda in sha Allah zan nuna muku hanyoyi masu sauƙi na gano asalin hoto ko bidiyon da aka turo muku a WhatsApp kafin ku tura wa wani.